Abin da Masassara Ta Bari a Ƙashina

Karayata ta farko ba faɗuwa na yi ba. Tukunyar tuwo na zo saukewa daga murhu, wadda na saba saukewa kullum, sai na ji ƙas a wuyan hannuna na hagu kamar an taka busasshen kara. Tukunyar ta kife, ruɗen ya watse a ƙasa. Na tsaya ina kallon hannuna ya lanƙwashe ta inda babu gaɓa. Ko ihu ban yi ba, mamaki ya fi zafin yawa.

Maigidana yana kasuwa a lokacin. Albasa yake saye a nan Illela, ya loda a mota a kai kudu. Aka kira shi a waya, ya zo ya kai ni wurin mai ɗorin unguwarmu, wani dattijo da ya gaji aikin daga mahaifinsa. Ya shafa hannun, ya tofa addu'a, ya ja shi ya daidaita, ya jera karare ya fara naɗewa da tsumma. Yana naɗi yana tambaya.

"Daga ina kika hwaɗo?"

"Ban hwaɗi ba, Baba. Tukunya ce."

Ya ɗago ya dube ni. "Tukunya ba ta karya mai shekarunki. Sai tsohuwa tukuf."

Muka yi dariya mu duka. Ban daɗe da haura arba'in ba a lokacin. Hannu ya haɗe, aka kwance ɗori, na manta da zancen.

A wani ɗan ƙauye bayan Kalmalo aka haife ni, gidanmu dab da bakin tafki. Babanmu masunci ne, da rani kuma ya yi lambu. Ruwan da yake ciyar da mu shi yake tara mana sauro. Da zarar damina ta zauna, masassara za ta shigo gida ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ba mai lissafa ta cikin ciwo. Idan aka tambayi Inna lafiyar yara sai ta ce, "Lahiya lau, sai 'yar masassara." Ta dafa ganyen bedi, wato dogon yaro, ta lulluɓe mu da zane a kan tukunyar mu yi surace, ta ɗura mana ruwan mai ɗaci. Bayan 'yan kwanaki mu miƙe, ido fari fat, ƙafa tana rawa, mu koma wasa.

Yayata da nake bi wa takan yi tata ta huta har wata shekara. Ni kuwa tawa ba ta jin sallama. Ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, har a gama yankan gero. Akwai shekarar da gefen cikina na hagu ya kumbura ya yi tauri, Inna ta ce saifa ce, za ta sauka. Ta kuwa sauka. Da na yi aure na dawo cikin garin Illela ma ba ta rabu da ni ba, sai dai ganyen bedi ya koma ƙwayar kemis. Kowane ciki na ɗauka sai ta kayar da ni, a na ƙarshe har sai da aka yi mini ƙarin jini. Duk da haka, da a ce a lokacin wani ya tambaye ni ko ina da wani ciwo, da na ce masa lafiyata ƙalau.

Bayan na yaye autana, maigida ya bar ni in yi 'yar sana'a. Ranar Laraba nakan tsallaka iyaka zuwa Ƙwanni tare da wasu matan unguwa. Mu canza nairarmu zuwa sefa, in sayo dabino da cuku da turaren wuta, wani lokaci da atamfa. Sauran kwanakin in ɗora kaya a ka in bi gida gida. Babu lungun da ban sani ba a garin nan. Na san gidan da aka yi haihuwa tun kafin a aika sanarwa, na san wadda ta yi yaji da wadda aka yi biko. Mata suna yi mini tsiya, wai ƙafata ba ta san tabarma ba. Gaskiyarsu ne, ban iya zama ba.

Kamar shekara biyu bayan karayar hannun, a farkon damina, na dawo daga Ƙwanni da yamma. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin lungunmu, na ɗora ƙunshina a ka. Akwai wata 'yar kwata a ƙofar gidanmu da ko yaro mai koyon tafiya yana tsallakewa. Na ɗaga ƙafar dama na tsallaka, ina dire ta sai na ji cinyata ta saki. Mutane sun ce na faɗi na karye. Ni na san ba haka aka yi ba. Karyewa na yi sannan na faɗi.

A kan tabarma aka kinkime ni zuwa ɗaki. Mai ɗori ya zo, wannan karon bai yi raha ba. Ya ɗaure ni tun daga ƙugu har gwiwa, ya sa aka cika 'yan buhuna da yashi aka tokare ƙafar dama da hagu. Ya ce ko juyi kada in yi.

'Ya'yana mata biyu duk suna gidan aure, babbar a Sakkwato, ƙaramar a Tawa. Mazan suna kasuwa tare da ubansu. Saboda haka Yaya ce ta zo jinya. Mijinta ya rasu da jimawa, ta koma gida tana zaune da Inna, tana bandar kifi tana sayarwa. Ta bar Inna a hannun matar ƙanenmu, ta ƙullo kayanta a ɗankwali, ta ce mako biyu za ta yi.

Ɗakina taga ɗaya gare shi, can sama, tana kallon lungu. Daga inda nake kwance ba na ganin komai ta cikinta sai gefen katangar maƙwabta. Amma ina jin komai. Ina jin baburan da ke wucewa, ina jin mai tallan nono, ranar Laraba da safe ina jin abokan tafiyata suna kiran juna suna wucewa. Da farko sukan leƙo su ce sannu. Daga baya sai su ɗaga murya daga waje. Daga baya kuma sai takunsu kawai nake ji. Ban ga laifinsu ba, mai zuwa kasuwa ba ya son rana ta yi masa.

Yaya ce take sa mini fo ta ɗauke, ita take goge mini jiki da tsumma. Ranar farko na rufe fuskata da filo saboda kunya. Ta ce, "Ke, ni na goye ki kina yi mini a baya, mi ya rage ban gani ba?" An ɗaura mini sange saboda sauro, sai ya zamana ko da rana ba a ɗage shi saboda ƙudaje. Duk wanda ya shigo gaishe ni, ta cikin raga nake ganin fuskarsa.

Sangen bai hana ba. Wata rana bayan la'asar na ji sanyi ya tsarga mini ta gadon baya. Na san shi kamar yadda mutum yake sanin muryar maƙwabcinsa.

Na ce, "Yaya, ta zo."

"Wa?"

"Masassara."

Ta saki tsintsiyar da ke hannunta. Ita ma ta gane abin da nake tsoro. Wanda ya san masassara ya san karkarwarta, jiki ne yake kaɗawa da kansa, ba ya jin rarrashi. Ta fara daga haƙora, ta gangaro kafaɗu, ta kai ƙugu. Duk girgiza ɗaya sai in ji bakin ƙashin nan biyu suna gogar juna a cikin cinyata. Yaya ta haye gadon ta danne ƙirjina da jikinta, tana ƙwala wa maigida kira. Ya shigo da gudu daga zaure ya rungume ƙafar da hannu biyu.

Yana cewa, "Riƙe jikinki! Don Allah riƙe jikinki!"

Ina cewa, "Ba ni iyawa!"

Sun tara mini barguna duk na gidan, a banza. Mutum biyu a kaina, ga buhunan yashi, amma gadon sai ƙara yake. Ban san lokacin da na suma ba. Da na farfaɗo, wani ma'aikacin asibiti na unguwa ya riga ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da nake rataye hijabi.

Da zazzaɓin ya sauka, mai ɗori ya dawo. Ya bi cinyar da yatsu a hankali, sannan ya ce wa maigida, "Ya goce." Aka kwance, aka sake ja. Ba zan iya faɗin wannan ba. Kwanciyar da aka ce ta 'yan makonni ce ta cinye damina, ta cinye kaka. Ranar da aka kwance ɗorin, ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, tafin kuma ya karkata waje.

'Yata ta Sakkwato ce ta kafe sai an kai ni babban asibiti. Aka shimfiɗa mini katifa a bayan mota muka tafi, ni da maigida da Yaya. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jini, muka kwana biyu a gidan 'yar tawa muna jiran sakamako. Likitan da ya gan mu magidanci ne mai furfura kaɗan, ba ya gaggawar magana. Ya ɗaga hoton a gaban fitila ya daɗe yana kallo.

"Hajiya, shekarunki nawa?"

Na faɗa masa. Ya sake duba hoton.

Ya ce, "Da ba ki gabana, da na ce wannan hoton mahaifiyarki ne. Ƙashinki ya yi sakayau. Kin san icen da gara ta ci ta ciki, daga waje lafiya lau, sai an jingina ya ruguje? To kusan haka."

Ya yi ta tambayoyi. Haihuwa nawa, shayarwa ta yaya, ko al'ada ta ɗauke, ko ina shan nono, ko na taɓa daɗewa ina shan maganin ƙiba ko na ciwon gaɓoɓi. Can ya ce, "Maleriya fa? Kina yawan yi?"

Na yi dariya. Na ce, "Likita, a bakin tafkin Kalmalo aka haihe ni."

Bai yi dariya ba. Ya ce ƙwayar cutar idan ta shiga jini tana ci, takan bar wata dauɗa a baya. Masu bincike suna zaton dauɗar nan tana iya maƙalewa a cikin ɓargo, ta ci gaba da tsokanar ƙashi tana rage masa ƙwari, ko bayan zazzaɓi ya daɗe da wucewa. Wanda kuwa ya yi ta yi tun yana yaro, ga ƙarancin jini ga rashin cin abinci, ƙashinsa ba ya samun ginuwa yadda ya kamata tun farko.

Yaya ta katse shi. "Likita, ni ma hwa ruwan ga na sha, sauron ga ya cije ni. Ga ni garau."

Ya ce, "Shi ya sa ba zan rantse ba. Abubuwa ne suka taru mata, haihuwa, shayarwa, abinci, yanayin jiki. Amma ina kyautata zaton maleriya tana da hannu a ciki."

Na ce, "To a wanke mini ita mana. Babu allurar da ke hidda ta?"

Ya girgiza kai. Ya ce abin da ya zauna ya zauna, sai dai a tallafi ƙashin da ya rage. Na tambaye shi gyaran ƙafar, ya ce ƙashin ba lallai ya riƙe ƙarfe ba, gara a bar ta yadda ta haɗe. Ya rubuta magunguna, ya ce in riƙa shan hantsi, in riƙa shan nono, in ci ƙananan kifi har da ƙayarsu, zazzaɓi kuwa ko ɗumi na ji a tafi asibiti a ranar. Sannan ya juya wajen maigida ya ce abu biyu ne. Kada ta sake faɗuwa. Kada kuma a bar ta a kwance, ta riƙa takawa kullum da sanda, domin kwanciya ma cin ƙashi take yi.

Muka kamo hanyar dawowa. Ina ta tuna shekarun nan da nake tashi daga masassara in karkaɗe zane in ce na rabu da ita. Ashe ba fita take yi ba.

Maigidana mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya ɗaga wa kowa hannu ba. Amma cikin magana biyun da likita ya yi, ɗaya kawai ya ɗauko. Muna dawowa ya kira magini. Aka dama siminti aka shafe tsakar gida, aka fasa dokin ƙofar ɗakina, aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Ya sayo kujera mai hannu ya ajiye a inuwar bedin tsakar gida. Ya hana ni shiga madafa, ya hana ni wanki, ko buta ba na ɗauka da ruwa a ciki. Ɗanmu na fari ya yi aure a shekarar, matarsa ta tare a gidan, girki ya koma hannunta.

Idan na dafa sanda na miƙe, sai in ji muryarsa.

"Ina za ki?"

"Likita ya ce in dinga takawa."

"Ya kuma ce kada ki hwaɗi. Mi kike so a ɗauko miki?"

Ba abin da nake so a ɗauko mini. Amma idan na ga yadda fuskarsa take yi, sai in koma in zauna. Shi ne ya riƙe ƙafar nan ranar da take kaɗawa, ya ji da hannunsa yadda ƙashin yake gurzar juna. Ya taɓa gaya mini har yanzu idan ya ji ana niƙa a dutse sai tsigar jikinsa ta tashi.

Da 'yata ta Sakkwato ta kawo mini ziyara da ɗanta, wanda bai daɗe da fara gudu ba, yaron yana ganina ya sheƙo zai faɗa jikina. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki ihu. Uwarsa ta cafe shi a sama, ya tsorata ya fashe da kuka. Kafin su koma ya koyi tsayawa daga nesa ya ɗaga mini hannu. Ban goya shi ba ko sau ɗaya.

Wata rana da azahar, ba kowa kusa, na ce yau sai na yi salla a tsaye kamar kowa. Na yi kabbara, na karanta, na sunkuya ruku'u. Ina sunkuyawa na ji wani abu ya ɗame a tsakiyar bayana, numfashina ya ɗauke. A haka matar ɗana ta same ni, dafe da bango, na kasa miƙewa na kasa zama. Hoto ya nuna ɗaya daga cikin ƙasusuwan baya ne ya lotsa. Na sake komawa gado. Tun daga ranar a kujera nake salla, ina nuni da kai. Malamai sun ce ta yi, na kuma yarda ta yi. Amma goshina yana kewar ƙasa.

Masu zuwa dubiya kowa da abin da yake faɗi. Wata ta ce jifa ne daga abokan sana'a, wata ta ce na taka wani abu a hanyar Ƙwanni. Idan na ce musu likita ya ce masassara tana ciki, sai su yi murmushi, su ce wace masassara ce ba mu yi ba.

Yaya da ta zo da niyyar mako biyu ta kusa shekara. Masu sayen kifinta suka koma wurin wata. Ta fara saurin fushi, ta dire kwano da ƙarfi, daga baya ta zo ta zauna a bakin gado tana matsa mini ƙafa. Da aka aiko cewa jikin Inna ya fara rauni, na ce mata ta tafi. Ta ce, "In tahi in bar ki haka?" Na ce, "Ni ina da masu tsarona har sun yi yawa." Ta tafi.

Damina ta zagayo, ruwa ya yi yawa a shekarar. Wata safiya Yaya ta kira ni a waya. Ta ce Inna ta daina cin abinci, ko kunu sai da ƙyar, kuma ni take ta tambaya. Ta kara mata wayar a kunne. Muryar can ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

"Ba ki zo ba?"

Na ce, "Ina nan tahe, Inna."

Ƙauyenmu ba nisa gare shi ba, da ƙafa na sha zuwa. Amma ruwa ya yanke hanyar daga Kalmalo zuwa can, mota ba ta shiga sai babur, shi ma sai ya bi ta gonaki. Na faɗa wa maigida. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai.

"Babur? Ke da atishawa ma muke tsoro?"

"Uwata ce."

"Na sani. Ki yi hanƙuri, ni zan tahi in gano ta. In hanya ta tsane gobe ko jibi, da kaina zan nemo mota."

"In ba ta kai jibi ba hwa?"

Ya miƙe ya fita. Ya tafi a ranar, ya dawo da yamma ya ce da sauƙi. Na dubi idonsa na san ba sauƙi.

Washegari Lahadi ce, ranar kasuwa, tun da safe shi da yaran suka fita. Matar ɗana tana bayan gida tana wanki. Na zura hijabi, na ɗauki sanda, na bi bango har zaure. Rabona da zauren nan da ƙafata tun ranar da aka shigo da ni a tabarma. Na ja ƙofar.

An yi ruwa da asuba, lungun duk ya caɓe. Kwatar nan ta cika ta batse, an gitta mata wani katako da ya jiƙe ya yi santsi. Can tsallake wani ɗan kabu-kabu yana tsaye a gindin katanga. Ya hango ni ya ce, "Hajiya, tahiya?"

Na ce eh, bayan Kalmalo. Ya ce hanya ba kyau amma zai kai ni. Ya matso da babur ɗin har bakin katakon.

Na miƙa sanda gaba, ta nutse a taɓo. Na zaro ta na dafa kan katakon, ta zame. Na dubi katakon, na dubi tsayin sirdin babur ɗin, na tuna ramukan hanyar gonaki. Na ce wa ƙafata ta ɗaga, ta ƙi. Gumi ya keto mini kamar masassarar ce ta dawo. Babu wanda ya riƙe ni, maigida yana kasuwa, ƙofa a buɗe take.

Mutumin ya sauka daga babur ya ce, "Kawo hannu in tsallakar da ke. A hankali zan tahi, wallahi kamar ƙwai na ɗauko."

Na daɗe ina kallon hannunsa. Sannan na ce masa ya yi haƙuri ya tafi, na fasa. Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya tayar da babur ɗinsa. Na zauna a dakalin zaure har gumin ya tsane, sannan na bi bango na koma ɗaki. Matar ɗana ba ta ma san na fita ba.

Inna ta rasu washegari da hantsi. Maigida da yaran suka tafi jana'iza. Ya dawo da la'asar, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, sai hawaye.

Ya ce, "Ki gahwarta mini. Ni na hana ki ganinta."

Na ce masa ya shigo ya zauna. Na ba shi labarin jiya, da katakon, da mai babur. Na ce, "Ko da ka bari, da ban iya ba." Ya dubi sandar da ke jingine a bango, har yanzu da busasshen taɓo a gindinta. Ban san ko maganar ta rage masa nauyi ba. Ni dai ba ta rage mini ba.

A ɗakina na karɓi gaisuwa. 'Yan'uwa suna can ƙauye suna zaman makoki tare, ni ina nan mata suna shigowa bibbiyu, su ce Allah ya jiƙan Inna, su ƙara da Allah ya sa ciwon ga kaffara ne. Sai da rani ya yi hanya ta bushe aka kai ni a mota. Maza biyu suka ɗauke ni da kujera suka shigar da ni gidan da aka haife ni. Ɗakin Inna an riga an zuba albasa a ciki. Na zauna a ƙofarsa na yi mata addu'a, muka yi kuka ni da Yaya, kafin magariba aka maido ni.

Bayan wannan maigida ya ɗan sassauta. Yanzu da hantsi nakan bi bango daga ɗaki zuwa zaure in dawo, in zauna in huta, in sake. Idan yana gida sai ya tashi ya fita waje, ya ce ba zai iya kallo ba. Ban sake tsallaka ƙofar gida da ƙafata ba sai dai a mota zuwa asibiti. Tsayina ya ragu, rigunana sun fara jan ƙasa. Masassara kuwa ba ta fasa zuwa ba, duk damina sai ta leƙo ko da sange ko babu. Sai dai yanzu ina jin ɗumi za a kira mota, kuma sai na shanye magani tas.

Kwanan baya ƙaramar 'yata ta kira daga Tawa. Cikin fari gare ta, ya tsufa. Ta yi ta kewaye kewaye, sannan ta ce dangin mijinta suna tambaya ko gida za ta zo ta haihu ta yi wankan jego, ko kuwa su nemi wata tsohuwa a can, tunda sun ji halin da nake ciki. Na san ba zan iya ɗaga tukunyar ruwan zafi ba, ba zan iya durƙusawa in wanke jariri ba, ɗaukarsa ma sai ina zaune an ɗora mini a cinyar hagu.

Na ce mata ta zo.

Ta ce, "Inna, wa zai yi mini wankan?"

Na ce Yaya za ta yi, na riga na yi mata magana, ta ce da ta gama kwashe kifin da ke kan banda za ta taho. Ni kuma za a ajiye mini kujera a bakin banɗaki, in sa hannu in ji zafin ruwan kafin a fara. Ta yi dariya, ta ce to, za ta gaya musu. Matar ɗana ta riga ta share mata ɗakin da ke kusa da nawa, maigida kuma ya sa an sauke itace a bayan gida.